Wa ya kamo su? Sharhi kan gidan kallon kifi na Nausicaá

Daren da na komo daga Boulogne-sur-Mer na aika ma Inna ɗan guntun bidiyo ta WhatsApp, bai kai minti guda ba: wani kifi mai faɗin tabarma yana shawagi bayan gilashi, yara na ihu daga ƙasa. Da safe ta maido mini murya. Na zaci za ta ce "ikon Allah", sai ta yi tambaya biyu. Ta farko: "Ana cin shi?" Ta biyu: "To wa ya kamo su ya zuba nan?" Ta farkon dariya na yi. Ta biyun ce ta sa nake rubuta wanga sharhi, don na yi awa huɗu cikin gidan nan ina karatun alluna, kaye da biro a hannu kamar ɗan lakkwal, amma ko sau guda ban yi ma kaina wannan tambaya ba. Kuma ina ganin laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Yadda gidan ke magana da baƙo, tambayar ba ta samun ƙofar shiga.

Ga ƴan uwan da ba su san zancen ba: na samu bursi na wata shida a Lille, arewacin Faransa, kuma wata Asabar cikin Oktoba ta 2019 muka hau jirgin ƙasa ni da wani abokina ɗan Senegal zuwa Boulogne. Gari ne na bakin ruwa mai kallon Ingila, kuma shi ne tashar kamun kifi mafi girma a Faransa. Can gidan Nausicaá yake, akwariyom kenan, gidan da ake aje halittun teku da rai a bayan gilashi mutane su biya su kalla. An buɗe shi tun 1991, amma sabon ɓangaren da ya sa ake ce mashi mafi girma a Turai, a watan Mayu na 2018 anka buɗe shi, bayan an kashe Yuro miliyan 70, kusan miliyar 46 na sefa. Dabbobi wajen 58,000 ne ciki, iri 1,600. Tiken shiga ya haura Yuro 20, wato sama da jika 13. Na daɗe tsaye gaban mai saida tike ina lissafin kwana nawa na abinci kenan.

Bari in fara da gaskiyar da ba ta yi ma mai suka daɗi: wurin yana da kyau, kyau na tsayar da numfashi. Babban tafkin sabon ɓangaren tsawonshi metir 60, faɗi 35, zurfi 8. Ruwan ciki litir miliyan 10 ne. In da za a ɗura shi cikin bidon mai litir 25 irin na ƴan ga-ruwa, bidon 400,000 kenan. Ana shiga wani zaure mai duhu da matakala kamar amfi na jami'a, a zamna, gaban mutum gilashi guda mai tsawon metir 20, bisa metir 5, kaurinshi santimetir 38. Mu ƴan ƙasar da ba ta da bakin teku, ruwan da muka sani ja ne ko baƙi: gulbin Maraɗi in damana ta zamna, tabkin Madarunfa, kogin Isa a Yamai. Ba a ganin cikinshi. Kifi kuwa ba mu ganin shi sai cikin taru yana mutsu-mutsu, ko kan faranti, ko ya zama banda daga Difa. Wannan ne karon farko da na ga kifi daga gefe, ido da ido, yana harkar gabanshi bai san da ni ba. Mai faɗin tabarmar nan, manta, ba iyo yake ba, tashi yake kamar shirwa, a hankali, ya zo dab da gilashi ya karkace ya nuna farin cikinshi ya wuce. Akwai wata hanya mai tsawon metir 18 da ake bi ta ƙarƙashin ruwa, kifaye bisa kai. Akwai waɗannan halittu masu kama da laima, ba ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kusan duk jikinsu ruwa ne, suna buɗewa suna rufewa cikin haske. Duk wanda ya ce bai ji komi ba gaban wannan, ƙarya yake ko kuma yunwa yake ji.

Abin da ya biyo bayan mamakin, kunya ce. Abokin nawa ɗan masunta ne daga Saint-Louis, yana nuna wannan yana nuna wancan yana kiran suna da Wolof, wani ya ce dangin wanda suke ce ma cof ne, wasu ƙanana masu farin jiki da ke tafiya garke guda ya ce sun yi kama da yaboy. Ni kuwa kalma guda gare ni: kifi. Babban kifi, ƙaramin kifi, kifi mai zane. Sai tsohuwar maganar nan da muke ji tun kolej ta taso mini, wai Hausa harshen kasuwa ne da hira, ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Allunan ne sunka cece ni, ba da niyyarsu ba. Da na bar kallon kifin na koma karanta sunayen da idon ɗalibin harshe, sai na ga Bafaranshe ma baƙo ne a teku. Requin-marteau: guduma. Lion de mer: zaki. Étoile de mer: tauraro. Concombre de mer: kokwamba. Poisson-chirurgien: likitan fiɗa. Requin-taureau: bijimi. Raie aigle: gaggafa. Anémone de mer kuwa sunan fure ne anka ba dabba. Manta kanta kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta bargo. Méduse, mai kama da laimar nan, sunan wata mata ce cikin tatsuniyoyin Girka mai macizai a madadin gashi. Wato mutumin tudu ne ya leƙa cikin ruwa ya ga abin da bai sani ba, ya waiwaya gida ya ɗauko sunan kayan aikinshi da dabbobinshi da kayan miyarshi ya liƙa. To mi ya raba wannan da giwan ruwa, da ragon ruwa, da karen ruwa? Hanya guda ce. Har sunan kimiyya da ake rubutawa a karkace don ya yi kwarjini, Sphyrna, in ka bi shi zuwa Girkanci guduma ce dai. Kuma inda mu muke da ruwan, mu ke da kalmar: mu dorina muke cewa, kalma guda tsayayya, su kuwa hippopotame, dokin kogi.

Na zamna kan matakala na cika shafi biyu: mai-guduma, bargon teku, laimar ruwa, tauraron teku, dokin teku. Ba wuya. Harshe ba ya rasa suna, mai harshen ne bai je wurin ba.

Amma da na sake duban shafukan nan cikin jirgi, sai murnar ta rage. Sunayen da na ƙirƙira, da na Faransancin da na kwaikwaya, duk abu guda suke faɗi: yadda abin yake a ido. Ku gwada su da sunayen da sarkawa ke kira. Basarke in ya ce minjirya, hannunshi ya san girgizar da take yi ma wanda ya taɓa ta. In ya ce kurungu ya san ƙayar da ke soke yatsa. In ya ce gaiwa ya san tana shiga laka ta kwana rani guda ba ruwa, ya san inda za a tona. Tarwaɗa, ƙarfasa, yauni, talibambam mai kumbura ciki: kowane suna yana ɗauke da lokacin kamu, da irin koto, da kuɗin kasuwa, da wanda ke ci da wanda ba ya ci. Haka yaboy yake a bakin abokina. Shi ba sunan kamanni ba ne, sunan abincin rana ne na talaka. Sunan allo kuwa na mai kallo ne, wanda ba ya taɓawa, ba ya kamawa, ba ya ci, ba ya bin kowa bashi. Kuma akwariyom wuri ne da anka gina don ya maida kowa mai kallo.

Yanzu ga zancen mai-guduma, wanda na fi so in gani kuma ban gani ba.

Babban tafkin nan ba haka kawai anka zana shi ba. Kwaikwayon ruwan da ke kewaye da tsibirin Malpelo ne, wani dutse cikin tekun Pasifik, wajen kilometir 500 daga gaɓar Kolombiya, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2006. Abin da Malpelo ya yi suna da shi kuwa shi ne garken masu-guduma, ɗaruruwa suna tafiya tare. Don haka gidan ya nemi nashi. An kamo 20 daga ruwan Ostareliya a 2011, an ƙaro 10 a 2018. Duka talatin ɗin sun mutu. Na ƙarshen ya mutu cikin Afrilu 2019, wata shida kafin zuwana, kuma ƙungiyar Sea Shepherd ta Faransa ta kai ƙara kotu. Masu gidan sun kare kansu, sun yi maganar cutar naman gwari da ta kama dabbar, sun ce ko cikin teku ƴaƴan wanga kifi da yawa ba su kai girma, sun ce don bincike da kare irin ne sunka kawo su. Wata biyu bayan ziyarata, a Disamba 2019, ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta ɗaga wannan iri zuwa matakin da ke dab da ƙarewa. Ni ba alƙali ba ne, kuma ba masanin kifi ba. Abin da na tsaya gabanshi dai shi ne Malpelo marar masu-guduma, kamar a gina ma mutum kasuwar dabbobi ta Badagishiri da siminti, a sa turaku, a ce ga ta nan, amma ba raƙumi ko guda.

A nan ne nahawu ya shigo, kuma ku yi mini haƙuri, sana'ata ce.

Kowane ɗan Bahaushe ya san matakai uku na faɗin ɓarna. Yaro ya dawo daga rijiya hannu wofi. In mai gaskiya ne ya ce: "Na fasa tulu." In yana jin tsoro ya ce: "An fasa tulu." In gwani ne ya ce: "Tulu ya fashe." Jimla ta farko tana da aikau, ga wanda ya yi. Ta biyu ta yarda akwai mai yi amma ta rufe mashi fuska da wakilin sunan nan namu, an, ake, aka, ko anka kamar yadda muke cewa gida. Ta uku ta kawar da shi gaba ɗaya: aikatau ya sauya siga, ya koma fashe, tulun ya zama shi ya yi ma kanshi. Uwa kuwa ba ta ruɗuwa. Tambayarta guda ce, wa ya fasa?

Ku koma ku dubi yadda ni kaina na ba da labarin masu-guduma yanzun nan. "An kamo." "An ƙaro." "Sun mutu." Mataki na biyu da na uku. Ban shirya haka ba, haka labarin ke zuwa a baki.

Faransanci yana da mataki na huɗu wanda ya fi namu wayo, kuma shi ne harshen da gidajen irin wannan sunka fi so: a ɗauki aikin a maida shi suna. La surpêche, kamun da ya wuce kima. La pollution, gurɓata. Le réchauffement, ɗumama. Da zarar aiki ya zama suna, ba ya bukatar mai yi, ba ya bukatar lokaci. Sai ya tsaya cikin jimla kamar wata dabba ta daban, ya yi ta "barazana ga teku" shi kaɗai, kamar fari ko ƙyanda. In kuma anka zo neman mai laifi, sai a ɗauko kalma mafi faɗi da ke akwai: ɗan Adam, ko kuwa mu. Mu ne muka ɓata teku, mu ne za mu gyara. Nausicaá ya daɗe yana kiran baƙinshi su zama ƴan ƙasar teku, kuma tun 2010 yana cikin masu tafiyar da shirin Mr.Goodfish, wanda ke gaya ma mai cefane irin kifin da ya dace ya saya a kowane lokaci na shekara. Shawarar ba ta da aibi. Amma ku lura da wanda anka sa a gurbin aikau: matar da ke tsaye gaban teburin mai kifi da jakar cefane.

Wannan "mu" ɗin ne ya tsaya mini a wuya. A doka, gaskiya ne muna ciki. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce tsakiyar teku, inda ba ruwan wata ƙasa ba ne, a buɗe take ga dukkan ƙasashe, masu gaɓa da marasa gaɓa. Sabon ɓangaren gidan ma a kan wannan tsakiyar teku anka gina labarinshi, kuma ta kusa rabin faɗin duniya. To Nijar na da rabo, a takarda. Amma Bafaranshe yana cin sama da kilo 30 na kifi da sauran kayan teku a shekara, ɗan Nijar bai kai kilo 3 ba, har da daskararren da ke hawowa daga Kwatano cikin kwali. In an ce "mu", an haɗa Inna da mai jirgin da tsawonshi ya wuce metir 100, mai masana'antar daskarar da kifi a cikinshi, an raba masu laifin daidai wa daida.

Abokina bai tsaya nahawu ba. Gaban garken ƙananan kifayen nan ya ce mini, da Faransanci, yaboy ɗin da uwarshi ke saye bokiti guda da can, yanzu ƙirga shi ake. Ya san dalilai kuma yana kiran su da suna. Akwai masana'antun da sunka cika Nuwadibu ta Muritaniya, da wasu a Senegal da Gambiya, masu niƙa ɗanyen kifi ya zama gari, kilo huɗu zuwa biyar kafin a samu kilo guda, a fitar da shi Asiya da Turai a ba kifin kiwo da aladu da kaji. Akwai yarjejeniyar da Tarayyar Turai ke biyan Muritaniya kimanin Yuro miliyan 60 a shekara don jiragenta su yi kamu a ruwanta. Bai wanke nasu ba, ya ce kwale-kwalen garinsu ma sun yi yawa, kuma ministocin da ke sa hannu ba Turawa ba ne. Duk jimlolinshi suna da aikau. Ga wanda ya yi, ga wanda ya saya, ga wanda ya sa hannu. Minti biyar na maganarshi sun koya mini halin da teku ke ciki fiye da rabin abin da na kwafe cikin kaye.

Za a ce mini gidan yara ne da iyali, ba kotu ba, kuma wanda ya biya tike ranar hutu bai zo a nuna mashi yatsa ba. Na yarda da rabin wannan. Na ga wata ƴar yarinya ta manna goshi ga gilashi ta ƙi tashi, uban na ja tana turjewa, kuma ina jin in akwai wanda zai damu da teku nan da shekara ashirin, irinta ne. Wurin yana yin wannan aikin, yana yin shi da kyau. Za a kuma ce gidan da kuɗin jama'ar yankin sunka gina, a garin da dubban mutane ke ci daga kamun kifi da sarrafa shi, ba zai iya zagin maƙwabcinshi ba. Wannan ma na gane. Daga ƙofar gidan ana hangen tashar jiragen, da unguwar Capécure inda kamfanonin sarrafa kifi suke jere. Amma wannan kusancin shi ne ya sa nake ganin an yi asarar dama. Ba gidan kifin da ya fi wannan dacewa ya nuna ma yaro dukkan hanyar: ga kifin da rai, ga jirgin da ke kama shi, ga girman tarun, ga wanda ke da jirgin, ga inda kuɗin ke zuwa. Ba sai an zagi kowa ba. Jimla mai aikau ba zagi ba ce. Gidan da ya iya gaya mani kaurin gilashinshi har santimetir, da sunan kowace halitta cikin Latin, ba ƙarancin sani ne ya hana shi ba.

Kada kuma mu ɗauka ciwon nasu ne su kaɗai. Ku saurari labarun rediyo na yamma ku ƙirga: an karkatar da kuɗin, an sare itatuwan, an saida filin, rijiyar ta lalace. Ko mu nan, in bursi ya makara, takardar da muke liƙawa cewa take "ba a biya ba". Mun fi kowa iya wannan "an".

Duk wanda hanya ta kai shi arewacin Faransa, ina ba shi shawara ya je, ko da zai yi kwana uku yana cin taliya ba miya. Ya fara da babban zauren, ya zamna, ya aje telehon, ya jira manta ta zagayo sau biyu ko uku kafin ya tashi. In da hali ya tafi da ɗan masunta.

Inna kuwa sai bayan kwana biyu na amsa mata. Na danna na fara: "Wasu nan anka haife su, wasu kuma an kamo su daga nesa..." Na ji abin da na ce, na goge, na sake. Na ce masu gidan ne ke biyan kuɗi, wasu mutane da sana'arsu kenan su shiga teku su kamo da rai, su kuma su karɓa su zuba. Na gaya mata na masu-guduma talatin. Ta yi shiru cikin muryar har na zaci ta yanke, sannan ta ce:

"To su waɗanda sunka rage, mi suke ci?"

Na ce, "Kihi, Inna. Ƙanana ake yanka masu."

Ta ce, "Ake? Kai dai ba ka ji. Wa ke yankawa?"